Kula da Shafukan Intanet Masu Yawa a Hukuma Ɗaya

Da wuya a sami jami'a, asibiti ko ma'aikatar gwamnati da take da shafin intanet ɗaya tak. A jami'a abin ya fi fitowa fili: akwai babban shafi, akwai na neman gurbin karatu da biyan kuɗin makaranta, akwai na laburare, akwai na mujallun tsangayoyi, galibi a kan manhajar Open Journal Systems, ga kuma shafukan taruka da ake buɗewa gab da taro, a manta da su da zarar baƙi sun watse. Ba a taɓa zama an tsara su tare ba. Kowanne ya fito ne ranar da buƙatarsa ta taso, da kuɗin wani sashe, a hannun wani ma'aikaci ko ɗan kwangila.

Matsalar farko kenan: hukumar ba ta san adadin shafukan da ke ɗauke da sunanta ba. Aikin yana farawa da rajista guda, ko da a takardar lissafi ta kwamfuta ce, inda kowane shafi zai sami layinsa: adireshinsa, imel ɗin da aka yi masa rajista da shi, ranar da rajistar za ta ƙare, kamfanin da ke riƙe da sabar, manhajar da aka gina shi da ita, da sunan mutum ɗaya da za a kira idan ya lalace. Mutum ɗaya, ba kwamiti ba. Shafin da aka ce na kowa ne, ranar da ya faɗi babu mai amsa waya.

Adireshi shi ne inda aka fi yin asara. Ma'aikaci ya yi rajistar adireshin taro da imel ɗinsa na kansa da katinsa na banki, sannan ya tafi ƙaro karatu ko aka yi masa canjin wurin aiki. Saƙonnin tunatarwa suna shiga akwatinsa, ba mai gani. Adireshi irin na .com idan ya ƙare akan ba da ɗan lokacin alfarma, sai wani wa'adi na kwana 30 da za a iya fanso shi da ƙarin kuɗi. Bayan nan kowa yana iya saye. Masu tallan caca suna farautar irin waɗannan adireshi, domin sunan ya riga ya bazu a takardu da fastoci. A Nijeriya ƙungiyar NiRA ce ke kula da adireshin .ng, hukumar NITDA kuma ke kula da rajistar .gov.ng, makarantun gaba da sakandare kuma suna da .edu.ng. Hanya mafi sauƙi ita ce hukuma ta riƙe babban adireshi ɗaya da imel ɗin ofis, sauran shafuka su zama rassa a ƙarƙashinsa. Reshe ba ya buƙatar rajistar daban, ba ya ƙarewa shi kaɗai.

Sai maganar haɗa shafukan a kan manhaja ɗaya. Tun sigar 3.0 da ta fito a 2010, WordPress yana ba da damar gudanar da shafuka da dama daga girkawa ɗaya, Drupal ma yana da makamancin haka. Amfaninsa a bayyane yake: ana sabunta manhajar sau ɗaya maimakon sau ashirin, tambari da launin hukumar suna zama iri ɗaya ko'ina, kuma mai kula da shafin tsangaya yana iya rubutu da saka hoto amma ba ya iya ɗora sabuwar manhaja sai da izinin babban mai kula. Wannan takunkumin yana da muhimmanci, domin yawancin kutsen da ake yi wa shafukan WordPress ta ƙananan manhajojin da ake ɗorawa a kai yake shigowa, musamman waɗanda aka daina sabuntawa. Gwamnatin Birtaniya ta bi irin wannan tunanin a babban mataki lokacin da ta buɗe GOV.UK a watan Oktoba na 2012, ta riƙa kwaso shafukan ma'aikatunta zuwa wuri ɗaya.

Haɗawar ba ta rasa illa. Gidan haya ne mai mita ɗaya: in aka yanke wuta, kowa ya kwana a duhu. Don haka shafin da ake biyan kuɗi a kansa, ko mai riƙe da sakamakon jarrabawa ko bayanan marasa lafiya, a ware shi a sabar ta daban. Ba hikima ba ce a ajiye shi tare da shafin labarai da mutum goma ke da izinin shiga. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsaron irin waɗannan bayanai a wuyan hukumar da ta tattara su.

Takardar shaidar tsaro, wadda ke sa alamar kwaɗo a gefen adireshi a wasu manhajojin shiga intanet, ita ma tana ƙarewa. Ta Let's Encrypt kyauta ce, wa'adinta kwana 90, kuma an riga an amince a rage iyakar wa'adin irin waɗannan takardu sannu a hankali har zuwa kwana 47 a 2029. Sabunta su da hannu a shafuka da yawa ba zai ɗore ba. A saita sabar ta riƙa yi da kanta, a kuma sa wata manhaja ta riƙa aika gargaɗi idan sabuntawar ta gaza.

Kowane ma'aikaci ya sami asusunsa da kalmar sirrinsa, da tantancewa mai mataki biyu, a kuma rufe asusun ranar da ya bar aiki. Kalmar sirri guda da ke yawo a zauren WhatsApp na ofis ita ce ke hana a gane wanda ya goge shafi. Kwafin ajiya kuwa kada ya zauna a sabar da shafin yake kai, kuma lokaci-lokaci a gwada dawo da shi a gani, don sau da yawa sai ranar buƙata ake tarar da fayil ɗin bai cika ba.

Rufe shafi ma aiki ne, kuma shi aka fi yi wa sakaci. Idan taro ya wuce ko shiri ya ƙare, a adana abin da ke ciki, a goge sunaye da lambobin wayar da aka karɓa ta fom, a karkatar da tsohon adireshin zuwa babban shafi. Daga nan a duba kundin da ke nuna sabar da kowane reshe yake kallo. Idan an daina biyan kuɗin masaukin shafin amma reshen yana nan yana nuni zuwa can, wani yana iya karɓar wannan gurbin a kamfanin ya ɗora abin da ya ga dama, jama'a su gan shi a ƙarƙashin sunan hukumar. A share layin reshen, ko a mayar da shi ga sabar babban shafi, kafin a dakatar da biya, sannan a rubuta ranar rufewar a rajista.