Zoben da ke kan ƙwayar harsashi

Ɗana, na ga hoton da ka turo mini daren jiya: ƙwayoyin harsashi biyar a jere kan tebur, kowacce da ɗan zobe a ƙasan tsininta kamar an datsa mata farce. Na kuma ji har ka fara lissafin kuɗin sababbin kayan aiki. Dakata tukuna.

Zoben nan sawun 'yar sandar da ke tura ƙwaya cikin wuyan kwanso ne. Bakinta rami ne, kuma yawanci an ƙera shi ne don ƙwaya mai gajeren hanci. Kai kuwa ka koma wa dogayen nan masu siririn hanci irin na Berger, waɗanda ake ce wa VLD, ga rigarsu ta jan ƙarfe ba kauri. Sai gefen ramin kaɗai ya taɓa, nauyin duka ya taru a layi ɗaya. Redding da Hornady suna sayar da sandar da ta dace da irinsu. Kowa a filin harbi zai gaya maka haka, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Sanda ba ta cika yi wa jan ƙarfe tabo ba sai an danna da ƙarfi, don haka ka tambayi hannunka. Idan ka ja hannun injin haɗa harsashi, ƙwayar tana shiga ne sumul, ko sai ka ɗan cije leɓe? In sai ka cije, wuyan ne ya matse. Ka auna faɗinsa kafin ka sa ƙwaya da kuma bayan ka sa. Bambancin da yawancin masu harbin nesa ke nema kusan inci 0.002 ne. In ka ga 0.005, ka kama ɓarawonka. Tagullar kwanso ma tana taurarewa in an yi ta harbawa ana matsewa, shi ya sa ake gasa wuya da kafaɗa don su yi laushi. Wuya da kafaɗa kawai, ɗana. Wuta ba ta zuwa gindin kwanso, domin taurinsa ne ke tsakanin fuskarka da abin da ke ciki.

Ni ma na taɓa ɓata yamma guda ina goge bakin sandata, zobe na nan daram. Da na kunna fitila sosai sai ga ɓurɓushin jan ƙarfe a kan tebur, siri-siri kamar gashin gira. Ashe sababbin kwansuna ne ban fere kaifin bakinsu ta ciki ba. Aikin minti goma.

Abu ɗaya ne ba na son ka yi wasa da shi. In ka ji ƙarar ƙuras-ƙuras lokacin da ƙwaya ke sauka, albarushi take dannewa. Ka tsaya, ka buɗe littafin awo na Lyman ko na Hornady, ka duba ko haka aka rubuta. Awon da wani ya faɗa maka a bakin mota ba awo ba ne.

Zoben da farce ba ya kamawa kuwa, a yadi 100 ba za ka ga bambancinsa a takarda ba. Abin dubawa shi ne tsawo: ka auna daga gindin kwanso zuwa kafaɗar ƙwaya, in duk sun zo ɗaya, ka je ka harba abinka. Wadda ta lotsa ka cire ta.

Ka kuma tuna nan Amurka ne doka ta yarda mutum ya haɗa wa kansa harsashi. A gida Najeriya ba haka ba ne, kada ranar tafiya ko kwanso ɗaya ya shiga jakarka. Ranar Asabar ka taho da ƙwayoyin nan biyar da ma'auninka, mu duba tare bayan la'asar.