Hutun Iyali da Ɗan Abin Hannu: Daga Mando Zuwa Zariya

Da yawanmu muna ɗauka yawon buɗe ido na masu kuɗi ne. Shi ya sa yaranmu ke zana taswirar Ingila, alhali ba su taɓa ganin ganuwar Zazzau ba, ga ta nan kimanin kilomita 80 daga Kaduna.

Mu fara da lissafi, yadda Luka 14:28 ya gargaɗi mai shirin gini. Abin da ke cinye kuɗin tafiya ba mota ba ne, masauki ne da abincin saye. To, mu yi sammako zuwa tashar Kawo da guzurinmu: dambu, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai da ruwa. In akwai dangi a Sabon Gari ko Samaru, a sanar da su tun da wuri, kuma kada a je hannu rabbana.

Ranar farko ta birni ce: Ƙofar Doka, ƙofar fadar Sarkin Zazzau, sai Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962.

Amma a ganinmu rana ta biyu ta fi. Mu je Wusasa, inda mishan ɗin C.M.S. ya koma daga cikin birni. Can ne majami'ar St. Bartholomew ta 1929 take, ginin ƙasa irin na Hausa. Bari yara su shafa bangon, su tambayi dattawa labarin Likita Mila da aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na 1932. Janar Gowon ma nan ya tashi. Daga nan sai Dutsen Kufena da gonakin da ke gindinsa.

Kuɗin komowa kuwa a ƙulle shi daban wajen uwargida, a kuma kamo hanya tun rana na sama.