Darasi na Tara: Fayil Ɗin da Ya Ƙi Buɗuwa

Sau da yawa ɗalibi kan sami wasiƙar imel ɗauke da takardar da ya daɗe yana jira, kamar ta shiga jami'a, amma ya latsa, ta ƙi buɗuwa. Kafin ya fid da rai, sai ya dubi wutsiyar sunan fayil ɗin, wato haruffan da ke bayan ɗigo, domin su ke nuna manhajar da za ta buɗe shi.

Fayil mai wutsiyar .pdf yana bukatar manhaja irin su Adobe Reader. Mai .docx kuwa tare da Word 2007 ya zo, shi ya sa Word 2003 ba ya gane shi sai an yi masa ƙari. Mai .zip ƙunshi ne, sai an kwance shi tukuna. Idan duk da haka abin ya ci tura, wataƙila intanet ce ta yanke ana cikin saukewa. Sai a sake sauke shi, ko a roƙi wanda ya aiko ya sake turowa.

Amma ba kowane fayil ake matsa wa ba. A watan Mayun 2000 ƙwayar cutar ILOVEYOU ta kama miliyoyin kwamfutoci ta hanyar wani fayil mai wutsiyar .vbs, wanda aka ce wasiƙar soyayya ce. Saboda haka duk mai .vbs ko .exe da ba a san dalilin zuwansa ba, a goge shi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne amfanin wutsiyar sunan fayil?
2. Wane irin fayil ne bai kamata a buɗe ba? Don me?