Bindiga Mai Araha Da Dokar Riƙe Ta: Darasi Daga Ƙasar Barazil

Ƙasar Barazil tana cikin nahiyar Kudancin Amurka. Yawancin jama'a sun san ta ne da ƙwallon ƙafa. Amma ba ƙwallo ce ta fara kawo mata lambar zinariya a gasar Olamfik ba. Wasan harbi ne. A shekarar 1920, a birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam, wani hafsan soja mai suna Guilherme Paraense ya ci wannan lamba da ƙaramar bindiga, wato fistol.

Wasan harbi ba farauta ba ne. Ba dabba ake harbi ba. Ana kafa takarda mai zanen da'ira a cikin da'ira, a nisan mita 10 ko mita 25. Mai wasa ya tsaya, ya auna, ya harba. Wanda ya fi samun tsakiya shi ya ci. 'Yan wannan wasa suna da ƙungiyoyi da filaye nasu na musamman.

Duk wanda zai shiga wannan wasa, tambaya biyu ke gabansa. Wace bindiga zai saya da kuɗin da yake da su? Kuma hukuma za ta bar shi ya riƙe ta?

Kamfanin Bijimi

A Barazil akwai wani kamfani mai suna Taurus. Ma'anar sunan a harshen Latin ita ce bijimi, kuma kan bijimi ne tambarinsa. An kafa shi a 1939 a birnin Porto Alegre. Da farko maƙera ce ta kayan aiki na ƙarfe. A 1941 ya ƙera libarba ta farko, wato ƙaramar bindiga mai gidan harsashi da ke juyawa.

Daga baya sa'a ta zo masa. Wani tsohon kamfani na Italiya mai suna Beretta ya sami kwangilar yi wa sojan Barazil bindigogi a 1974, ya gina masana'anta a birnin Sao Paulo. Da kwangila ta ƙare, a 1980, sai ya sayar wa Taurus masana'antar da injunanta. Da waɗannan injuna Taurus ya riƙa ƙera wata fistol mai suna PT92. Ta yi kama da ta Beretta ƙwarai, amma kuɗinta bai kai na waccan ba.

Nan kasuwarsa ta buɗe, musamman a Amurka. Mai ƙaramin ƙarfi da ba zai iya sayen bindigar manyan kamfanoni ba, sai ya nufi ta bijimi. A 1984 kamfanin ya yi wa masu saye a Amurka alkawarin gyara kyauta muddin bindigar tana nan. Wannan ya ƙara jawo masa jama'a.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. To, amma araha kaɗai ba aibu ba ce. Mutane da yawa sun yi shekaru suna amfani da kayan wannan kamfani ba su ga komai ba. Wasu kuwa suna ƙorafin cewa kayan ba su da tabbas: a sayi guda biyu iri ɗaya, wannan ta yi kyau, waccan ta riƙa cijewa.

Yadda suna ya zube

Kowace ƙaramar bindiga ta zamani tana da abin da ke tsare ta daga tashi da kanta. Wasu suna da ɗan makulli a gefe. In an rufe shi, ko an ja kunama ba za ta tashi ba. A ciki kuma akwai wani ƙarfe da ke tare allurar da ke bugun harsashi. Amfaninsa shi ne, ko bindiga ta faɗi ƙasa, allurar ba za ta motsa ba. Waɗannan ƙananan abubuwa mai saye ba ya ganin aikinsu a kanti. Sai ranar tsautsayi ake sanin ko na kirki ne.

A 2013, wani jami'in tsaro a jihar Iowa ta Amurka yana bin wani da ake zargi. Bindigarsa ƙirar Taurus ta suɓuce daga kugunsa ta faɗi ƙasa. Ya ce makullinta a rufe yake, amma ta tashi, harsashi ya sami wata mota. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki. Ya kai ƙara kotu a madadin kansa da duk masu irin wannan bindiga.

A 2015 aka yi sulhu. Kamfanin bai amsa cewa kayansa suna da lahani ba. Duk da haka ya yarda da sharaɗin da ya shafi bindigogi kusan miliyan ɗaya, iri tara, waɗanda aka ƙera tsakanin 1997 da 2013. Mai ita yana iya mayarwa a duba masa kyauta, ko a ba shi kuɗin da ba su wuce dala 200 ba. An ware har dala miliyan 30 don biyan waɗannan kuɗi.

A gida ma bai tsira ba. A 2013 rundunar 'yan sandan jihar Sao Paulo ta janye bindigogin Taurus kimanin 98,000 daga hannun jami'anta don a bincika su, saboda rahoton cewa wasu suna tashi ba a ja kunama ba.

A 2015 wani kamfanin harsashi na Barazil mai suna CBC ya karɓi ragamar Taurus. Aka sake tsarin aiki, aka fito da sababbin ƙira kamar G2C da G3. Masana harkar da yawa sun yaba da su. Amma har yau, in aka ambaci sunan a wurin 'yan wasan harbi, sai gardama ta tashi. Wani ya ce an gyara, wani ya ce shi dai bai manta ba. Abin da ya dace a kula da shi a nan shi ne, fartanya in ta karye asarar kuɗi ce kawai, bindiga kuwa in ta yi gardama rai ne a bakinta.

Kuɗi ba su isa ba, sai da izni

Ko mutum ya zaɓi bindigar da ta fi kowace kyau, a Barazil ba zai shiga kanti ya ɗauka ya tafi ba. Akwai doka ta 2003. Ta ce mai sayen bindiga sai ya kai shekara 25. Sai yana da sana'a ta halal da mazauni sananne. Kada a same shi da tarihin aikata laifi. Sai masanin halayyar ɗan Adam ya gwada hankalinsa, sannan a gwada shi a ga ko ya iya riƙe bindigar. A 2005 an tambayi jama'a ta hanyar ƙuri'a ko a hana cinikin bindiga ɗungurungum. Kimanin kashi 64 cikin 100 suka ce a'a. Ciniki ya ci gaba, sharuɗɗa kuma suna nan.

'Yan wasan harbi da mafarauta da masu tara bindigogi don sha'awa suna da rajista tasu dabam. Da Jair Bolsonaro ya hau mulki a 2019, sai ya sassauta musu ƙwarai. Ɗan wasa guda yana iya mallakar bindiga har 60. Masu wannan rajista sun tashi daga kimanin 117,000 a 2018 zuwa kimanin 783,000 a 2022. Da wuya a ce duka wasa ne ya kawo su. Wasu dai sun ga ƙofa ce a buɗe suka shiga.

Shugaba Lula da Silva ya tsuke ƙofar a watan Yuli na 2023. Aka kasa 'yan wasa hawa uku. Na hawan farko bindiga 4 kawai zai riƙe, kuma sai ya nuna shaidar ya je atisaye ko gasa sau 8 a shekara. Na biyu 8, na uku 16, kowane da ƙarin atisaye da gasa. In zai tafi filin wasa, sai ya cire harsashi, ya riƙe takardar iznin tafiya da ita. A 2025 aikin sa ido a kansu ya tashi daga hannun soja ya koma hannun 'yan sandan tarayya.

In da a Nijeriya ne fa?

Mai karatu zai so ya san matsayin irin wannan bindiga a ƙasarsa. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta kasa su gida uku. Fistol da libarba suna gida na farko, tare da bindigogin soja. Waɗannan an haramta su, sai da lasin daga Shugaban Ƙasa. Mai araha da mai tsada, ta kamfani da ta maƙeri, duk hukuncinsu ɗaya. Wanda aka kama da ita babu lasin, ɗaurinsa ba ya kasa shekara 10.

Gida na biyu ya ƙunshi bindigar farauta irin mai baki ɗaya ko baki biyu, da bindigar iska. Lasin ɗinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa. Gida na uku shi ne na bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Kwamishinan 'yan sanda na jiha, da yardar Gwamna, yana iya wajabta lasin a kanta. Maƙerin da ke ƙera ta ko gyara ta shi ma sai da izni.

Dokar ta hana a ba mutum lasin in bai kai shekara 17 ba, ko yana da taɓin hankali, ko idonsa ba ya gani sosai, ko mashayi ne, ko kotu ta same shi da laifin tashin hankali a cikin shekara 5 da suka wuce. A 2023 kuma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar cewa an dakatar da ba da sabon lasin. Saboda haka, kafin maharbi ya ba wani kuɗinsa, ya fara zuwa ofishin 'yan sanda ya ji halin da ake ciki.

Akwai wani wuri da mutanen karkara suka fi yin kuskure. Lasin ba a gadonsa kamar gona. In mai bindiga ya rasu, doka ta ba magada kwana 14 kawai su riƙe ta. Kafin kwanakin su cika, sai babban ɗa ko wanda ke kula da dukiyar mamaci ya je ya sanar da 'yan sanda, ya tafi da takardar lasin ta marigayin.