Baƙar Ƙasar Amazon: Nazari a Kan Gawayi, Juji da Daɗewar Albarkar Gona

Tsakure

Wannan maƙala ta duba baƙar ƙasar da ake samu a kwarin kogin Amazon, wadda mutanen Brazil ke kira terra preta. An nuna cewa albarkarta ta samo asali ne daga haɗuwar gawayi da sharar gida, kuma wanda ya ɗauki gawayin shi kaɗai ya bar sauran, rabin hikimar ya ɗauka.

1.0 Gabatarwa

Galibin ƙasar dajin Amazon ja ce ko rawaya, mai tsami, wadda yawan ruwan sama ya wanke abincin shuka daga cikinta. Idan aka yi sassabe aka ƙona, gonar kan yi kyau shekara biyu ko uku, sannan ta mutu. Wannan ne ya sa Betty Meggers, a littafinta na 1971, ta yi hukuncin cewa dajin ba zai iya ciyar da manyan garuruwa ba. Da wannan ra'ayi aka daɗe ana shakkar Gaspar de Carvajal, wanda ya raka Francisco de Orellana a tafiyar 1542, ya kuma rubuta cewa sun ga ƙauyuka jere a gaɓar kogin cike da jama'a.

Ƙasar ce da kanta ta ba shi shaida. A wurare da dama, musamman kusa da Santarém da Manaus, akwai filaye masu baƙar ƙasa da zurfinta kan kai mita biyu, cike da tsingaro da ƙasusuwan kifi. Wim Sombroek, masanin ƙasa ɗan Holan, ya bayyana su a littafinsa na 1966. Yawancinsu sun samu ne tsakanin shekara 2,500 zuwa 500 da suka wuce, kuma har yau manoma na nemansu.

2.0 Gawayi da Toka

A nan harshen Hausa ya sauƙaƙa wa mai nazari, domin ya riga ya raba gawayi da toka. Idan ice ya ci wuta a sarari har ya zama toka, kusan duk kabon ɗinsa ya tashi sama, abin da ya rage kuma ruwa na iya wanke shi a damina ɗaya. Idan kuwa aka danne wutar aka rage mata iska, kimanin rabin kabon ɗin na tsayawa a gawayi, cikin siffar da ƙwayoyin ƙasa ba sa iya ruɓar da ita da wuri. Binciken Bruno Glaser da abokan aikinsa na 2001 ya gano cewa gawayin da ke cikin terra preta kan ninka na ƙasar da ke kewaye har sau 70. Saboda wannan daɗewa ta ɗaruruwan shekaru ne masu yaƙi da ɗumamar yanayi ke kallon gawayin gona a matsayin rumbun kabon.

Sai dai gawayi ba taki ba ne. Aikinsa riƙo: ƙananan ramukansa na tsare ruwa da abincin shuka, yana kuma rage tsamin ƙasa. Fosfaras da kalsiyam ɗin baƙar ƙasar daga ƙashi da toka da ragowar abinci suka fito, wato daga juji. Ɗanyen gawayin da aka zuba a gona ba a jiƙa shi da taki ba yana ma iya janye naitrojin daga bakin shuka a shekarar farko. Nazarin Simon Jeffery da abokan aikinsa na 2017 ya nuna ƙarin amfanin gona na kusan kashi 25 cikin ɗari a ƙasashe masu zafi, amma a ƙasashe masu sanyi bai ga ƙari ba.

3.0 Ganganci ko Dace?

Masana sun yi saɓani a kan ko da niyya aka yi wannan ƙasa. A 2021 wasu ma sun jingina asalinta a wani wuri ga laka da kogi ya kawo, ra'ayin da ya sha raddi. A 2023 kuwa aka wallafa bincike a kan al'ummar Kuikuro ta yankin kogin Xingu, waɗanda har yau suke baza toka da gawayi da ɓawon rogo da gangan domin su yi shuka a kai. A ganin wannan maƙala, hujjar Kuikuro ta fi ƙarfi, domin daga bakin masu aikin ta fito.

Irin wannan ƙasa ba ta tsaya a Amurka ta Kudu ba. A 2016 an bayyana makamanciyarta a kewayen ƙauyukan Laberiya da Gana. Manomi Bahaushe ma ya san ƙarfin juji da kufai, ko da yake ba kowane kufai ne ke da gawayi mai yawa ba, kuma awo ne kaɗai zai raba gardama. Matsalar ƙasar Hausa ita ce abin ƙonawa. Sare itace domin gyara gona asara ce, kara kuma yana da masu shi: dabbobi da darni da murhu. Buntun shinkafa da totuwar masara su ne suka fi dacewa. Aikin da ke gaban ɗalibin Hausa shi ne tattara sunayen da tsofaffin manoma ke bai wa ire-iren ƙasa da dabarun gyara ta, gari-gari, a miƙa wa masana ƙasa su auna.