Abubuwan Da Ke Tasiri Wajen Rubuta Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro: Misali Daga Birnin Zariya

Gabatarwa

Duk wanda ya san cikin ganuwar Birnin Zariya ya san yawan kududdufan da ke cikinta, waɗanda asalinsu ramuka ne da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini. Da zarar damina ta kankama, musamman a watannin Agusta da Satumba, sai ruwa ya kwanta a ramuka da lunguna, sauro ya sami wurin hayayyafa, zazzaɓi ya bi gida-gida. A irin wannan lokaci jama'a kan yi tururuwa neman magani, tun daga Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, har zuwa ƙananan asibitocin unguwanni da kantunan kemis, wasu kuma su dangana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Cuta ɗaya ce, amma magungunan da ake komawa gida da su sukan bambanta. Wannan darasi zai duba dalilan da ke kawo hakan.

Cutar Da Maganinta

Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce mai suna Plasmodium ke haddasa wannan zazzaɓi, tamatar sauro nau'in anofilis kuwa ita ke ɗaukar ta daga jinin wani zuwa na wani. Nau'in da ya fi yawa a Nijeriya shi ne Plasmodium falciparum, wanda ya fi sauran kisa. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya a Nijeriya suke.

Shekara da shekaru kulorokwin ne maganin da aka dogara da shi, saboda araha da saurin aiki, duk da ƙaiƙayin da yake sa wa mutane da yawa. Daga ƙarshen shekarun 1950 ƙwayar cutar ta fara bijire masa a nahiyar Asiya da Kudancin Amurka, bijirewar ta iso Gabashin Afirka a 1978, sannan ta bazu zuwa yamma. Wannan ya sa a 2005 Nijeriya ta sauya ƙa'ida, ta koma ga haɗin magunguna biyu da ake kira ACT. Ɗaya daga cikin biyun ana samun sa ne daga atemisinin, wani sinadari da masana a ƙasar Sin suka tato daga wani tsiro dangin tazargade a farkon shekarun 1970, aikin da ya sa aka ba Tu Youyou kyautar Nobel a 2015. Atemisinin yana kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar cikin sauri, ɗaya maganin kuma ya daɗe a jini yana share ragowar.

Na Farko: Gwaji

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da maganin sai an tabbatar da cutar ta hanyar gwajin jini, ko da madubin likita ko da ɗan sandan gwaji mai nuna sakamako cikin kamar minti 15 zuwa 20. Dalili kuwa shi ne zazzaɓi alama ce kawai. Ciwon huhu, da ƙyanda, da sanƙarau, da ciwon kunne duk suna zuwa da zafin jiki. Inda babu kayan gwaji, ko kuma ma'aikaci bai amince da sakamakon ba, sai a koma ga kintace. Yaron da ke fama da ciwon huhu aka ba shi maganin cizon sauro, an ɓata kwanakin da za a ceci ransa da su.

Na Biyu: Halin Majiyyaci

Akwai bambancin da ilimi ne ya kawo shi. Nauyin jiki ne ke nuna yawan maganin da za a sha. Babban mutum kan sha atemita-lumefantirin sau 2 a rana har kwana 3, wato sau 6 ke nan, tare da madara ko abinci mai maiƙo domin jiki ya karɓe shi sosai. Idan cutar ta tsananta, har aka ga suma, ko jijjiga, ko aman da ke hana ƙwaya zama a ciki, to allurar atesunet ake yi a asibiti na aƙalla awa 24, sannan a cike da ACT. Mai juna biyu kuwa ana ba ta Fansidar a wurin awo domin rigakafi, bayan cikin ya wuce wata 3.

Na Uku: Ilimi Da Sabo

Likita, da malamin jinya, da jami'in lafiya na unguwa, da mai kemis ba horo ɗaya suka samu ba. Haka nan wanda ya koyi aiki kafin 2005 kan ci gaba da abin da hannunsa ya saba, in ba a sake horar da shi ba. Wani sabon kuma shi ne haɗa maganin cizon sauro da na taifot ga duk mai zazzaɓi, bisa dogaro da gwajin Widal, wanda sau da yawa yake nuna cuta ga wanda ba ya ɗauke da ita.

Na Huɗu: Kuɗi Da Samuwar Magani

Sau da yawa aljihun magidanci ne ke yanke hukunci. Wanda kuɗinsa bai kai na cikakken sha ba yakan nemi a yanka masa rabin kati, ko a ba shi tsohon magani mai araha. Mai kanti ma ɗan kasuwa ne, yana iya karkata ga abin da ya fi kawo riba, ko wanda dillalan kamfanoni suka tallata masa. Ga kuma jabun magunguna, waɗanda hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, take yaƙi da su.

Na Biyar: Buƙatar Majiyyaci Da Al'ada

Mutane da yawa sun ɗauka cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi, kuma wanda bai rubuta magunguna barkatai ba bai san aiki ba. Ma'aikacin da ke tsoron kada a guje shi sai ya bi son ran mai nema. Bugu da ƙari, a gidajen da mata ke cikin kulle, in maigida ba ya nan, yaro ake aika kemis da kuɗi da saƙon baki. Ke nan mai ba da magani bai ga mara lafiya ba, balle ya auna nauyinsa ko ya gwada jininsa. Wasu kuma sai sun fara da sassaƙe da jiƙo, in abin ya gagara a nufi asibiti bayan jini ya riga ya ragu.

Illar Kuskure

Idan aka sha magani bai cika ba, raunanan ƙwayoyin cutar ne ke mutuwa, masu juriya su tsira, su hayayyafa, sauro ya kai su gidan maƙwabci. Irin wannan zaɓe ne ya karya ƙarfin kulorokwin. An riga an ga alamun bijire wa atemisinin a Kambodiya a ƙarshen shekarun 2000, daga baya kuma a Ruwanda da Uganda. Saboda haka kuskuren da aka yi wa mutum guda yana iya komawa kan al'umma baki ɗaya.

Kammalawa

Ɗalibin da aka aika sayen magani yana da rawar takawa. Ya dace ya tunatar da na gida muhimmancin gwaji, ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwali, ya kuma tabbata an shanye maganin ko da an ji sauƙi tun rana ta biyu.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Me ya sa ake haɗa magunguna biyu a cikin ACT?
2. Kawo cututtuka uku da ke zuwa da zazzaɓi ban da na cizon sauro.
3. Bayyana yadda yanke magani kafin ya ƙare ke haifar da ƙwayar cuta mai bijirewa.