Rubuta lambar kaya kafin ka ƙara kwaɗo

Duk wanda aikinsa ƙidayar kayan shaguna ne da daidaita littafin ciniki, kamar mu da muke yi tsakanin unguwannin Ash Town da Alabar da Adum a nan Ghana, ya san ba kaya masu cika ido ne suka fi ɓacewa ba. Abin da ke ɓacewa ƙarami ne, mai tsada, mai saurin samun mai saye, kuma babu alama a jikinsa da za ta nuna shagon da ya fito. Katunan wasa na Pokémon sun fito da wannan fili. An fara buga su a Japan a 1996 don yara, amma yau manya ne ke zuba dukiya wajen tara su. A 2021 wani Ba'amurke, Logan Paul, ya mallaki kati ɗaya tak, Pikachu Illustrator, a kan fiye da dala miliyan 5. A watan Mayun shekarar kamfanin Target ya dakatar da sayar da katunan a shagunansa bayan rikici ya ɓarke a kan katunan 'yan wasanni a harabar wani reshensa a jihar Wisconsin, kuma tun daga nan ake yawan fasa shagunan kati a Amurka da Japan. Ko hotunan 'yan ƙwallo na kamfanin Panini ba su tsira ba: a 2014, dab da gasar cin kofin duniya, an sace kimanin 300,000 daga motar rarraba su a Rio.

Darasin yana cikin yadda masu wannan sana'a suka kare kansu. Kamfanoni irin su PSA suna tantance kati, su rufe shi cikin roba mai tauri, su buga masa lambar da babu wani kati mai irinta. Idan an sace shi, mai shi ya baza lambar ga 'yan kasuwa, sai katin ya zame wa ɓarawo ƙarfen ƙafa. Fakitin da ba a buɗe ba kuwa, babu mai iya rantsuwa cewa nasa ne. Wani zai ce mu a Zango ba ma sayar da waɗannan katuna. Haka ne, amma a kantocinmu akwai waya, da agogo, da turaren oud, da zoben azurfa, da 'yan kunnen zinariya, duk masu wannan siffa. Kowace waya tana da lambar IMEI mai alƙaluma 15, a jikin kwalinta take, kuma tana fitowa idan an danna *#06#. Amma a yawancin littattafan da ke zuwa hannunmu, abin da aka rubuta shi ne "Tecno guda goma", shi ke nan. Ranar da uku suka ɓace, maigida ba shi da abin da zai miƙa wa 'yan sanda sai rantsuwa.

Masu cewa kyamara da kwaɗo sun isa suna da hujja, sai dai rabi ce. Kyamara tana nuna mutum ya ɗauka, ba ta tabbatar da cewa wayar da aka gani a hannun wani bayan mako biyu ita ce taka. Kuma asara mai yawa da tsakar rana take faruwa, lokacin da shago ya cika: ɗaya yana taya kaya yana ɗauke hankali, ɗaya yana miƙa hannu bayan gilashi. Abin da ya fi damuna shi ne inda zargi ke faɗawa idan babu lissafi. Kan yaron shago yake faɗawa, sau da yawa ɗan 'yar'uwa ne ko ɗan maƙwabci da aka ba ka amana, a kore shi da tabon da zai bi shi har wurin neman aure. Ƙidaya safe da yamma, da sa hannun maigida da na yaro, tana wanke marar laifi kamar yadda take kama mai laifi. Masu kukan ɓata lokaci su ware kaya mafi tsada kaɗai su fara da su, sauran a bar su zuwa ƙarshen wata.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu sayen kayan hannu, waɗanda idan an ce su nemi shaidar mallaka kafin su saya sukan ce talaka ba ya ajiye rasit, kuma idan ka matsa da tambaya zai wuce shago na gaba. Gaskiya ne mutane da yawa masu gaskiya ba su da takarda. Amma ba lallai sai rasit ba. Ka rubuta lambar kayan, ka dubi Ghana Card ɗin mai sayarwa, ka biya ta MoMo don a sami shaida. Wanda ya kawo wayar sidi dubu uku yana neman ɗari takwas, kuma ya ƙi a rubuta sunansa, ya riga ya faɗa maka komai. Dokar laifuffuka ta Ghana ta 1960, a sashe na 146, ta ce wanda ya karɓi kaya yana sane na sata ne hukuncinsa ɗaya da na wanda ya sata.

Littafin kansa kada ya zama kwafi ɗaya da ke kwana a shago, domin gobarar da ta tashi a sabuwar kasuwar Kejetia a Maris 2023 ta nuna yadda shago ke tafiya da duk abin da ke cikinsa. Kafin a rufe ƙofa, a ɗauki hoton shafin ranar a tura ta WhatsApp zuwa wayar wani amintacce a gida.